Yadda ake sauya sunan da ke fitowa a imel ɗin ma'aikaci ba tare da an taɓa adireshinsa ba

Cikin ayyukan da ke zuwa gaban mai kula da imel na kamfani, wannan yana daga cikin waɗanda ake rainawa. Wata ta sauya suna bayan aure, wani an rubuta nasa da kuskure tun ranar da aka buɗe masa asusu, wani lokacin kuma kamfanin ne ya yanke cewa kowa ya koma tsari ɗaya na rubuta suna. Gyaran kansa bai kai minti biyu ba. Abin da ke cin lokaci shi ne gano inda ya kamata a yi shi, sai kuma amsa wayar mutumin da zai kira ka bayan awa ɗaya yana cewa shi fa har yanzu tsohon sunansa ake gani.

Na yi wannan aiki ban san iyaka ba, kuma kusan duk kuskuren da zan gargaɗe ka a kai ni ma na taɓa yin sa.

Abu ɗaya ka riƙe kafin mu fara. Duk saƙon imel yana ɗauke da layin wanda ya aiko shi, kuma layin kashi biyu ne:

`"Wance Wane" <wance@example.com>`

Na farkon shi ne sunan nuni, wanda ido ke gani a akwatin saƙo. Na biyun shi ne adireshi, wanda injuna ke bi su kai saƙo. Akwai kuma na uku da ba ya fitowa a layin, wato sunan da mutum ke shiga asusunsa da shi, wanda sau da yawa kamarsu ɗaya da adireshin amma kowanne da gurbinsa. Aikinmu a kan na farkon ne kawai. Sauya shi ba ya hana saƙo isa, ba ya taɓa kalmar sirri, ba ya fitar da kowa daga asusunsa.

Abin da za ka tanada

Buƙata a rubuce daga sashen kula da ma'aikata, ko daga wanda kamfanin ya ba wa ikon amincewa da irin wannan sauyi, ɗauke da sabon sunan harafi bayan harafi.

Asusun admin mai izinin gyara bayanan ma'aikata. A Microsoft 365 matsayin User Administrator ya wadatar ga ma'aikaci na gama-gari, ba sai ka ɗauko Global Administrator ba. A Google Workspace akwai matsayin User Management Admin. Idan wanda za a gyara wa sunan shi ma admin ne, waɗannan ƙananan matsayai za su iya ƙin aiki a kansa, sai ka nemi wanda ya fi ka izini.

Burauza, da PowerShell, wato manhajar Microsoft da ake buga umarni a cikinta, idan kana son bin hanyar umarni ko sunayen suna da yawa.

Adireshin imel na waje, wanda ba na kamfanin ba, domin gwaji.

Wurin da za ka rubuta yadda abubuwa suke kafin ka taɓa su. Tikitin aikin, wato inda aka shigar da buƙatar a rubuce, ma ya isa.

1. Tabbatar da wanda ya nema da abin da ya nema

Kada ka sauya sunan kowa don kawai an tare ka a hanya ko an turo maka saƙo a waya. Sunan nuni shi ne abin da mutane suka fi dogara da shi wajen gane mai aiko da saƙo, musamman a waya inda manhajoji da yawa ke ɓoye adireshin sai an danna. Wanda ya kutsa cikin asusun ƙaramin ma'aikaci, idan ya samu aka mayar masa da sunan ya yi kama da na shugaban sashen kuɗi, ya gama rabin damfararsa, kuma saƙonsa zai fito ne daga cikin gida, babu tambarin gargaɗin da ake liƙa wa saƙon waje. Shi ya sa nake son buƙatar ta biyo ta sashen ma'aikata. Idan kamfanin ƙarami ne babu wannan sashe, ka kira mai asusun a lambar da ka riga ka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Sannan ka tambaye shi ƙarara: sunan da ake gani kawai yake so a sauya, ko har da adireshin? Mutane da yawa ba su san abu biyu ba ne. Wasu za su ce a bar musu adireshin yadda yake saboda yana kan katinsu kuma abokan hulɗa sun saba da shi.

Ka kwafi sunan daga rubutacciyar buƙatar, kada ka buga shi da ka. Amma ka fara liƙa shi a Notepad ka duba, domin rubutun da aka kwafo daga Word ko daga imel yakan taho da sarari a ƙarshe ko lanƙwasasshen waƙafin sama a maimakon miƙaƙƙe, abin da zai sa a yi ta neman mutum a kundin adireshi ba a same shi ba.

2. Gano inda sunan yake fitowa

A nan gizo ke saƙar. A kamfanoni da yawa sunan da kake gani a shafin imel kwafi ne, asalinsa yana wani wuri, kuma duk gyaran da ka yi wa kwafi ko dai a hana ka, ko a share shi daga baya.

Hali huɗu ne aka fi samu. Ko asusun yana zaune kacokan a Microsoft 365 ko Google Workspace, babu wata saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, a ofis da ke ciyar da shi. Ko kamfanin yana da Active Directory, wato kundin asusun ma'aikata da ke kan sabarsa, a cikin gida, ana tura bayanai daga can zuwa Microsoft ta Entra Connect, ko zuwa Google ta Google Cloud Directory Sync. Ko kuma akwai manhajar sashen ma'aikata irin su Workday ko SuccessFactors a sama da wannan duka, ita ke rubuta wa Active Directory. Na huɗu shi ne imel na IMAP ko POP, wato hanyoyin da manhaja ke ɗauko saƙo daga saba, irin wanda ake samu tare da masaukin shafin intanet, inda sunan ba ya kan saba ma, yana cikin manhajar da mutum ke aika saƙo da ita.

A Microsoft hanya mafi sauri ita ce ka buɗe jerin Active users ka duba shafin Sync status, ko ka buɗe bayanan mutumin a Entra, wato kundin asusu na Microsoft da ke intanet, ka ga ko On-premises sync enabled yana kan Yes. Da PowerShell kuwa:

`Get-Mailbox wance@example.com | Format-List DisplayName,PrimarySmtpAddress,IsDirSynced`

Idan IsDirSynced ya nuna True, yi mataki na 3, sannan ka tsallaka zuwa mataki na 5.

Na taɓa gyara wa wata ma'aikaciya suna a Active Directory, na jira ya haura, na gwada, na rufe tikiti ina jin daɗi. Washegari da safe tsohon sunan ya dawo. Na sake gyarawa, ya sake dawowa. Sai a kwana na uku na gano manhajar sashen ma'aikata ce ke bi tana mayar da shi, domin a wurinta ba a sauya komai ba. Tun daga ranar tambayata ta farko a kowane sabon wurin aiki ita ce: wa ke rubuta wa wa? Idan ka samu kanka a wannan hali, aikinka shi ne ka mayar da buƙatar ga masu riƙe da waccan manhaja, ka jira ta gangaro.

3. Rubuta yadda abin yake yanzu

Sunan farko, sunan ƙarshe, sunan nuni, babban adireshi, sauran adireshin laƙabi (ƙarin adireshi da ke kai saƙo akwati ɗaya), da sunan shiga. Hoton allo ɗaya ya isa. Ba don komai ba sai don ranar da za a ce a mayar, ko ranar da ka danna abin da ba ka yi niyya ba.

4. Idan asusun yana Microsoft 365 kai tsaye

Shiga admin.microsoft.com, ka buɗe Users, sannan Active users. Nemo mutumin, kuma ka duba adireshinsa da kyau kafin ka buɗe, domin masu suna iri ɗaya ba sa ƙarewa a kamfani. A shafin Account za ka ga Manage contact information. Danna shi, ka gyara First name da Last name da Display name, ka ajiye.

Gurabe ukun nan kowanne zaman kansa yake yi. Lokacin buɗe sabon asusu ne kawai shafin ke haɗa maka sunan nuni daga na farko da na ƙarshe, bayan nan ba ruwan wani da wani. Sababbin shiga sukan gyara sunan ƙarshe su tafi, sai sunan nuni ya zauna yadda yake. Wasu kuma su gyara sunan nuni kaɗai, sai katin bayanan mutumin da sakamakon bincike su ci gaba da nuna tsohon. Idan suna ne ya sauya da gaske, gyara duka ukun.

A kusa da wurin akwai Manage username and email. Bar shi.

Idan ka fi son umarni:

`Connect-ExchangeOnline`

`Set-User -Identity wance@example.com -FirstName "Wance" -LastName "Wane" -DisplayName "Wance Wane"`

Ka riƙa sa suna cikin waƙafin magana mai ɗigo biyu ("). Sunaye masu waƙafin sama a tsakiya suna karya umarnin idan ka kewaye su da mai ɗigo ɗaya, domin PowerShell zai ɗauka rubutun ya ƙare a nan.

Za ka ci karo da tsofaffin bayanai a intanet masu cewa ka yi amfani da Set-MsolUser ko Set-AzureADUser. Microsoft ta yi watsi da waɗannan, wanda ya maye gurbinsu shi ne Update-MgUser na Microsoft Graph. Haka nan duk inda ka ga Azure AD, shi ne aka sauya wa suna zuwa Entra ID a 2023.

5. Idan asalin yana Active Directory na cikin gida

A nan shafin Microsoft 365 zai rufe maka guraben, ko ya ce wannan bayani sai a Active Directory ake gyara shi. Kada ka nemi dabarar zagaye shi.

Buɗe Active Directory Users and Computers, ka nemo mutumin, ka shiga Properties. A shafin General za ka ga First name, Last name da Display name. Gyara, ka danna OK. Da umarni:

`Set-ADUser -Identity wance -GivenName "Wance" -Surname "Wane" -DisplayName "Wance Wane"`

Za ka lura cewa a jerin da ke gabanka tsohon sunan bai gushe ba. Wancan wani gurbi ne dabam, shi ne cn, sunan abin a cikin kundin, kuma ana sauya shi ne ta danna dama a zaɓi Rename. Ba laifi ba ne a sauya shi don tsafta, lambar SID, wadda tsarin ke gane asusun da ita, ba ta motsawa, don haka izinin manyan fayiloli da ƙungiyoyi duk suna nan. Sai dai sauya cn yana sauya cikakkiyar hanyar da LDAP, wato ƙa'idar da manhajoji ke bi su nemo mutum a kundin, ke kiran mutum da ita, kuma akwai tsofaffin manhajoji da ke ajiye wannan hanya a rubuce. Idan kuna da irinsu, ka tambayi mai kula da su tukuna. Tagar Rename kuma tana nuna guraben sunan shiga a ƙasa, ka kiyaye hannunka daga gare su.

Ga tarkon da ya fi kowanne kama mutane a wannan mataki. Idan kuna da Exchange, wato sabar imel ta Microsoft, a cikin gida, akwai yiwuwar an kafa dokar da ke ƙera adireshi daga sunan farko da na ƙarshe. Muddin akwatin yana bin wannan doka, sauya sunan ƙarshe zai iya haifar da sabon babban adireshi, tsohon ya koma laƙabi, ba tare da ka nema ba. Ba lallai ya faru nan take ba, wani lokaci sai an sake taɓa akwatin ta kayan aikin Exchange, shi ya sa ake rasa gane musabbabin. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Duba EmailAddressPolicyEnabled a kan akwatin kafin ka fara. Idan True ne kuma ba a son adireshi ya sauya, cire alamar da ke cewa a riƙa sabunta adireshi bisa doka, a shafin adireshin imel na akwatin, sannan ka yi gyaran.

Bayan gyara, Entra Connect yana zagayowa duk minti 30 idan ba a sauya masa tsari ba. Idan ana sauri, hau sabar da yake kanta ka buga:

`Start-ADSyncSyncCycle -PolicyType Delta`

Delta ake so, wato abin da ya sauya kawai. Kada ka sa Initial saboda suna ɗaya, wannan zai sake bin kundin ne gaba ɗaya. Idan ba ka da izinin hawa sabar, jira rabin awar, ba abin da zai lalace.

6. Idan Google Workspace ne

Shiga admin.google.com, ka buɗe Directory, sannan Users. Zaɓi mutumin ka danna Update user. Gyara sunan farko da na ƙarshe, kowanne yana ɗaukar harafi har 60. Gurbin babban adireshi yana cikin wannan taga ɗin, saboda haka ka lura da inda kake bugawa. Google na cewa sauyin zai iya ɗaukar har awa 24 kafin ya bazu ko'ina, ko da yake yawanci ba ya kaiwa haka.

Gmail yana da nasa ɗan ɓoyayyen wuri. Idan an bar wa ma'aikata dama, mutum zai iya sa sunan da yake so a saitinsa, ƙarƙashin Accounts, a sashen Send mail as. Wanda ya taɓa rubuta suna da hannunsa a can, wannan sunan ne zai ci gaba da fita a saƙonninsa ko da ka gyara na kundin. Sai ya shiga da kansa ya danna edit info ya gyara. Idan kamfani yana son tsari ɗaya ga kowa, ana rufe wannan dama a saitin Gmail na admin, wurin Name format.

Idan Google Cloud Directory Sync ke ciyar da asusun, to Google zai bar ka ka gyara, amma zagayen daidaitawa na gaba zai iya mayar da tsohon. Koma mataki na 5.

7. Idan imel na IMAP ko POP ne

Babu wani wuri ɗaya da za ka gyara ka huta. Kowace na'ura da mutumin ke aika saƙo da ita tana da nata kwafin sunan. A tsohon Outlook na kwamfuta: File, Account Settings, zaɓi asusun, Change, sai gurbin Your name. A Thunderbird yana cikin Account Settings. A Roundcube yana ƙarƙashin Settings, Identities. A waya yana cikin saitin asusun a manhajar imel. Ka tambaye shi na'ura nawa yake amfani da su, don kusan kullum akwai wadda aka manta, sai a ga saƙon safe da sabon suna, na dare da tsoho.

Masu Zimbra suna da kundin tsakiya, ana gyarawa a shafin admin ko da `zmprov ma wance@example.com displayName "Wance Wane"`, amma can ma ka duba sunan da mutumin ya sa a saitin asusunsa.

8. Gwaji

Ka sa mai asusun ya buɗe imel ɗinsa a burauza, ba a manhajar kwamfuta ba, ya aika sabon saƙo zuwa adireshin gwajinka na waje. Sabon saƙo, ba amsar tsoho ba. Idan ya iso, buɗe asalin saƙon ka karanta layin From da idonka. A Gmail ana kiran wurin Show original. Abin da ke wannan layi shi ne gaskiyar abin da sabarku ke fitarwa. Idan sabon suna ne a can, aikinka na gyara ya kammala, duk sauran ƙorafi na kwafin da aka adana ne.

Idan layin ya zo da wasu haruffa kamar `=?UTF-8?` kada ka tsorata. Haka ake naɗe suna mai haruffan da ba na Ingilishi ba, irin su ƙ da ɗ da ɓ, kuma manhajar mai karɓa ce ke warware shi. Tsare-tsaren zamani duk suna ɗaukar waɗannan haruffa a sunan nuni. Matsalarsu ɗaya ita ce bincike: abokin aikin da allon bugunsa ba shi da ɗ zai iya buga d bai samu mutumin ba. Ni nakan gaya wa mai sunan wannan, in bar masa zaɓi. Sunansa ne.

9. Tsohon sunan da ya ƙi tafiya

Kashi mafi yawa na kiran da za ka samu daga nan yake, don haka gara ka san kowane maɓoyi.

Outlook na kwamfuta yana aiki da kwafin kundin adireshi da yake saukewa kamar sau ɗaya a yini, kuma sabar ita ma sai ta sake haɗa kundin kafin a samu sabon da za a sauke. Kwana ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne. Wanda ya matsu zai iya zuwa Send/Receive, Send/Receive Groups, Download Address Book, amma idan sabar ba ta haɗa sabon ba tukuna, tsohon zai sake saukewa. A Exchange na cikin gida kana iya tilasta haɗawar da Update-OfflineAddressBook. A Exchange Online ba ka da wannan iko, sai haƙuri.

Sai jerin sunayen da ke faɗowa idan mutum ya fara buga adireshi. Wannan na kowane mutum ne shi kaɗai, yana tuna yadda sunan yake ranar da ya yi wa mutumin saƙo. Maganinsa shi ne a fara buga sunan, a danna alamar X da ke gefensa, a sake zaɓo shi daga kundin. Akwai maɓallin Empty Auto-Complete List a saitin Outlook da ke share jerin baki ɗaya. Kada ka ba kowa shawarar danna shi saboda suna ɗaya. Mutane da yawa wannan jeri shi ne kaɗai kundin adireshinsu, ba su taɓa ajiye kowa ba, kuma ranar da ya ɓace kai za su nema.

Teams ya fi kowa taurin kai. Sabarsa tana iya riƙe tsohon bayani har kwana uku, manhajar da ke kan kwamfuta kuma ta fi haka daɗewa. Fita daga asusu a sake shiga yakan warware shi.

Wanda ya ajiye mutumin a jerin abokan hulɗarsa da tsohon suna, manhajarsa za ta iya fifita abin da ya ajiye a kan abin da saƙon ya zo da shi. Wannan ya shafi na ciki da na waje, kuma babu abin da za ka iya yi daga wurinka.

Tsofaffin saƙonni kuwa suna nan da tsohon suna har abada, domin an rubuta shi a jikinsu ranar da aka aika. Ka faɗa wa mai asusun wannan tun farko. Ga wanda ya sauya suna saboda wani dalili mai nauyi a rayuwarsa, ganin tsohon yana iya yi masa zafi, kuma ya fi kyau ya ji daga bakinka da ya gano da kansa.

Sa hannun da ke ƙasan saƙo rubutu ne kawai, ba ya bin kundin, sai dai idan kamfanin yana da manhajar da ke liƙa shi daga tsakiya. Ka tuna masa ya gyara na kwamfuta da na waya, da saƙon amsa ta atomatik idan yana da shi.

Idan sunayen suna da yawa

Ranar da aka ce a juya tsarin kowa, misali daga sunan ƙarshe a gaba zuwa sunan farko a gaba, ba za ka bi ɗari uku da hannu ba. Fara fitar da jerin yadda suke yanzu ka adana. Shirya fayil mai ginshiƙi biyu, Adireshi da SabonSuna, ka ajiye shi daga Excel a matsayin CSV UTF-8. Idan ka zaɓi CSV na gama-gari, haruffa masu lanƙwasa za su koma alamar tambaya, kuma haka za su hau kundin.

`Import-Csv .\sunaye.csv -Encoding UTF8 | ForEach-Object { Set-User -Identity $_.Adireshi -DisplayName $_.SabonSuna -WhatIf }`

Kalmar WhatIf da ke ƙarshe tana sa umarnin ya faɗi abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Karanta sakamakon, ka gwada da mutum biyu ko uku, sannan ka cire ta ka sake wa sauran. Ka nemo mutane da adireshi, kada ka nemo su da suna.

Abubuwa biyu da ba a yi

Kada ka goge asusu ka buɗe sabo da sabon suna. Na ga wanda ya yi haka yana ganin ya fi tsafta. Sabon asusu baƙo ne ga tsarin ko da adireshinsu ɗaya: saƙonni, fayiloli, kalanda da izini duk suna tare da wanda aka goge. Idan an riga an yi ɓarnar, Microsoft 365 yana ba da kwana 30 a dawo da asusun, Google Workspace kwana 20.

Kada kuma ka haɗa sauya sunan shiga da wannan aiki don kawai kana wurin. A Microsoft sauya shi yana sauya adireshin OneDrive na mutumin, hanyoyin fayilolin da ya raba wa mutane za su iya mutuwa, manhajojin wayarsa za su nemi ya sake shiga, kuma wasu manhajojin waje da ke gane shi da wannan suna za su ɗauke shi sabon mutum. Idan ana son sabon adireshi, wannan aiki ne mai zaman kansa da ake sa wa rana, a sanar da mai shi, a bar tsohon adireshin a matsayin laƙabi don saƙonni su ci gaba da shigowa.

Akwatin haɗaka, irin na sashen tallace-tallace ko na karɓar ƙorafi, shi ma yana da sunan nuni, kuma ana gyara shi a Teams & groups, Shared mailboxes, ko da Set-Mailbox tare da DisplayName. Duk wanda ke aikawa daga akwatin da izinin Send As, sunan akwatin ne ke fita ba nasa ba, don haka gyara sunan ma'aikaci ba zai sauya komai a waɗannan saƙonni ba. Mai izinin Send on Behalf kuwa sunayen biyu ne ke fitowa tare.

Kafin ka rufe tikiti, rubuta tsohon suna da sabo, wurin da ka yi gyaran, wanda ya amince, da ranar. Tsarin yana ajiye tarihin sauye-sauye da kansa, amma a Entra kwana 7 ne kawai ga masu lasisin kyauta, 30 ga masu lasisin biya na P1 ko P2, kuma tambayar wa ya sauya wannan suna takan zo ne bayan watanni. Sai ka tura wa mai asusun ɗan gajeren saƙo: an gyara, adireshinsa da kalmar sirrinsa suna nan yadda suke, wasu za su ci gaba da ganin tsohon suna na kwana biyu zuwa uku, ya gyara sa hannunsa, kuma idan mako ya cika wani abokin aiki bai ga sabon ba, ya turo maka hoton allon wancan mutumin don ka san wane maɓoyi za ka bincika.